Tun da aka tada benen nan, iska ta daina shigowa gidanmu

Muna yara, idan zafin Afrilu ya matsa a Garwa ta Kamaru, Inna takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i ta ce mu jira iskar Binuwai. Wajen ƙarfe goma kuwa sai ganyen darbejiya ya fara motsi. Iskar takan tsallako katangar kudu, ta ratsa tsakar gida, ta fita ta zaure, ta tafi da hayaƙin murhu da warin kwata.

Shekara uku ke nan da aka sayar da filin da ke kudu da mu a unguwar Hausare. Mai shi ya tada bene hawa biyu, bangonsa manne da katangarmu, ko akuya ba za ta wuce tsakani ba. Haƙƙinsa ne, ba ni da ja. Amma tun bazarar farko Inna ta fara tari, kuma wata rana tana fifita ta ce mini, "Ɗan nan, gidan nan ya daina numfashi." Da na kai ta asibiti, likita bai rubuta magani ba sai da ya tambaya da me muke girki, kuma ina murhun yake.

Tambayarsa ce ta sa na yi wani ɗan gwaji. Da yamma na kunna tsinken turare a tsakar gida. Wankin da aka shanya a saman benen yana kaɗawa zuwa arewa, wato iska daga kudu take zuwa kamar da. Hayaƙin turarena kuwa kudu ya nufa, ya je gindin benen, ya hau bango kaɗan, ya juyo ya dawo kaina. Sau uku na maimaita, duk haka.

Daga baya na karanta dalilin. Idan iska ta ci karo da dogon gini, ta kan rufi take wucewa, abin da ke bayansa sai ya zama kamar tukunya, iskar ciki tana juyawa wuri guda. Haka ma lungu: idan tsayin gine-ginen gefe ya kai faɗin hanyar, iskar da ta gitta ba ta sauka ƙasa, kuma hayaƙin yakan taru a gindin ginin da iskar ta fito ta kansa. Lungunmu bai fi taku biyar ba. A cikinsa 'yan acaba suke wucewa da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a cikinsa mai shago yake kunna gurup ɗinsa, wato janareta, duk sanda aka ɗauke wuta, a cikinsa mai ƙosai take hura itace. Da, iska ke share mana wannan duka ba mu sani ba.

A hunturu abin ya fi muni. Bayan magariba ƙasa tana saurin yin sanyi, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar faifai, hayaƙin girkin unguwa ya rasa hanyar tashi. Ka tsaya a gadar Binuwai ka dubi gari a irin wannan lokaci, za ka ga shi shimfiɗe a kan rufin kwano. Ga kuma hazo daga sama. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta ɗebi ƙura kusan kwana 100 a shekara, har wata ta tsallake teku zuwa dajin Amazon. Wannan ya tsaya mini a rai, don abin da duwatsun suke yi shi ne abin da benaye biyu suke yi a bakin lungunmu: a bakin lungun ƙura na shiga ido har ka kasa tsayawa, a tsakar gidanmu kuwa ko zare ba ya motsi.

Ƙwayoyin hayaƙin da suka fi cutarwa ido ba ya ganinsu, sun fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, suna zarcewa can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020. Da na ga adadin, Inna na tuna, zaune gaban murhu tun kafin a haife ni.

Na kira tsohon maginin da ya yi wa Baba zaure. Ya zagaya gidan bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, taga ɗaya ba ta shigo da iska. Sai ta ga mafita take shiga." Ya ba ni labarin ɗakunan ƙabilar Musgum da ya gani a garin Pus, can arewacin Kamaru, masu tsini, da rami a ƙoli inda zafi da hayaƙi ke fita. Ya ce mutanen da sun san ajiye tsakar gida a buɗe, mu ne muka cike shi da ɗakunan haya. Gaskiyarsa, biyu daga cikinsu ni na gina.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a wurinmu mai gini iyakar fili kawai yake dubawa. Birnin Stuttgart na Jamus, da ke cikin kwari, tun 1938 yake da ma'aikatan lura da yanayin gari, kuma akwai gangaren da ba a bari a tare su da gini don iskar dare ta samu hanyar sauka. Mu ko ratar taku biyu tsakanin bango da bango ta gagara.

Mun mayar da murhu kusa da zaure, nesa da gindin benen. Baba magini ya cire bulo huɗu a saman bangon ɗakin Inna, dab da kwano, ya sa raga, ya buɗe wata ƙaramar taga a bangon da ke fuskantarsa. Jaka goma sha biyu aikin ya ci. Tarin bai tafi duka ba, amma tana barci har asuba. Saura gurup ɗin mai shago. Na yi masa magana ranar Juma'a bayan masallaci, ya ce zai ja bututun hayaƙin zuwa saman rufi idan na taya shi kuɗin walda, na ce masa to.