Bakina ne ya ja mini a Damagaram

Har yau in na ga jakar fatar nan a rataye a ɗaki sai raina ya sosu. Jika goma, wato sefa dubu goma! Ni da na tashi a bakin kasuwar Kurmi.

Hawan sallah na je kallo. 'Yan kamashon tasha da masu kabu-kabu ba su ba ni wahala ba: ka riƙe kayanka da kyau, ka ce ana jiranka, ka wuce. A Birni ne, gaban fadar Sarki, wani saurayi ya manne mini yana ta zuba tarihin da ban tambaye shi ba, daga ganuwar Sarki Tanimu har zuwa 1926 da Faransawa suka mai da babban birni Yamai. Gaskiya ya san abinsa. Sai ya ce in zo in ga aikin dukawa, "kallo ai kyauta ne, Alhaji."

Kafin in ankara an rataya mini jaka a kafaɗa. Na ce ba saye na zo yi ba. Mai kayan ya ce, "Taya kawai, ko nawa ne." Don in rabu da shi na ce dubu biyu. Ko albarka bai ce ba, sai ji na yi, "Na sallama." Wannan saurin kaɗai ya isa ya farkar da ni.

Na miƙa sefa 2,000, ya yi dariya. "Alhaji, nan da dala muke lissafi." Dala ɗaya sefa 5 ce, dubu biyuna ta koma 10,000 ke nan. Mutane suka taru, wani dattijo ya ce, "Ɗana, ka taya, an sallama." Kunya ta sa na biya. Saurayin kuwa ya ɓace, na tabbata kamashonsa ya je jira.

Da dare mai masaukina ya sha dariya. Ya ce mutumin gari da jika yake magana, jin "dubu" a bakina ne ya nuna musu baƙo ne. Abin da ba ka da niyyar saye, kada ka yarda ya hau jikinka, kada kuma ka taya ko da wasa. In ka taya, faɗi da jika, ka nuna takardar kuɗin a gani.

Ranar Alhamis ya kai ni kasuwar Dole. Ga irin jakata, har jan zanen, jika uku. Ban ko taɓa ta ba.