Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Maɗaukin Kanwa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a inda aka rufe kwas ɗinmu na ban-ruwa a Mendoza, ƙasar Ajantina, cikin watan Maris na 2014. Kowa ya haɗa nasa ya nasa ya kama hanyar gida, ni kuwa tikitina saura kwana 23. Sai na bar akwatina a wurin mai gidan da na yi haya, na sayi jakar goyo ta hannu, na zuba riguna uku, dardumar sallah, 'yar buta, da ragowar kilishin da Inna ta ɗaure mini a takardar siminti. Kilishin nan ku riƙe shi, zai dawo.

Amma kafin mu hau mota, bari in faɗi abin da ya hana ni barci tun da na fara rubuta wannan kashin. Daren da zan bar gida na je sallamar Baffa a Kura. Ashe Yaya na wajensa ya riga ya duba garin a waya, ya shaida masa cewa can ne matattarar giyar inabi ta ƙasar baki ɗaya. Baffa bai ce mini Allah ya kiyaye hanya ba. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Na ce, "Baffa, ruwa zan je koyo." Ya ce, "Ruwan Tiga ya ƙare ne?"

To, Yaya bai yi ƙarya ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na giyar Ajantina daga lardin Mendoza take fitowa, kuma inabin da suke taƙama da shi, Malbec, wani masanin noma Bafaranshe mai suna Michel Pouget ne ya kawo musu irinsa wajen 1853. Abin da Yaya bai karanta wa Baffa ba shi ne, wurin hamada ne. Ruwan saman da suke samu a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, wato ko sulusin na Kano bai kai ba. Duk koren da ido zai gani, dusar ƙanƙarar tsaunukan Andes ce take narkewa ta gangaro ta kogin Mendoza da sauran kogunan lardin, a tare ta, a raba. Ƙasar da ake shayarwa ba ta kai kashi 5 cikin 100 na lardin ba, kuma a nan kusan kowa yake zaune. A cikin gari ma kowane titi da 'yar magudanarsa a gefe, suna kiranta asekiya, tana shayar da bishiyoyin bakin hanya. Mutanen Huarpe ne suka fara haƙa irinsu tun kafin Sifaniyawa su kafa garin a 1561. Girgizar ƙasa ta rushe garin a 1861, aka sake gina shi da faffaɗan tituna, amma ba a watsar da magudanan nan ba. Ni kaina sau biyu ina zurma ƙafa a ciki da dare.

Mutumin da na fi ƙaruwa da shi ba malamin aji ba ne. Wani dattijo ne a Luján de Cuyo, aikinsa buɗe ƙofar kanal da rufe ta, su suna ce wa mai wannan aiki tomero. Kowace gona da ranarta da awanninta, in rabonka ya faɗo ƙarfe 3 na dare to ƙarfe 3 za ka tashi da fitilarka. Dokar ruwansu tun 1884 take, kuma haƙƙin ruwa a jikin gona yake, ba ka sayar da gona ka riƙe ruwanta. Na ba shi labarin yadda muke yi a Kadawa, na saman kanal ya sha ya ƙoshi har ya yi ambaliya, na ƙarshen kanal tumatirinsa na ƙonewa. Ya yi dariya ya ce su ma a kan ruwa an sha zubar da jini, shi ya sa aka rubuta. Shi ya fara miƙo mini mate, wannan ganyen shayi mai ɗaci da suke sha a ɗan ƙoƙo da tsinken ƙarfe, kowa ya zuƙa ya miƙa. Ina karɓa na ce na gode, daga nan bai ƙara ba ni ba. Sai daga baya na gane a wurinsu in ka yi godiya, ka ƙoshi ke nan.

Washegarin da na ɗauki jaka na tafi Maipú, inda matafiya suke hayar keke suna zaga gonaki. Kaka ce a wurinsu. Masu tsinkar inabi, da yawansu 'yan Bolibiya da 'yan arewacin ƙasar, suna gudu da bokiti mai cin kilo 20 a kafaɗa, duk wanda ya juye a mota a jefa masa ɗan kwabon ƙarfe, ranar biya a ƙirga. Saman gonakin an shimfiɗa raga saboda ƙanƙara, don ruwan ƙanƙara na minti goma yana iya cinye wahalar shekara. A wata gona aka jera wa baƙi kofuna. Na ce ni ba na sha, matar ta kawo mini ruwan inabin da aka matse a ranar, da burodi da man zaitun. Wani Bajamushe da muka haɗu a masauki ya ɗauke ni hoto, kofi a hannu, ganguna a bayana. Ni da kaina na sa shi a Facebook. Wannan wautar tawa ce, ban taɓa ɗora wa kowa ita ba. Abin da ya biyo baya ne ba nawa ba.

Daga Mendoza zuwa garin Bariloche da ke kudancin ƙasar bas ya kwana yana tafiya, kusan awa 18, fili fetal babu ko bishiya, sai gari ya waye tsaunuka suka taso. Tafkin Nahuel Huapi na fara gani ta taga. Ni ɗan bakin Tiga ne, ina ganin na san ruwa, sai ga wani mai shuɗin baba wanda zurfinsa ya haura mita 450, kana hango duwatsun ƙasansa a bakin gaɓa kamar babu ruwan. Tun 1934 aka killace yankin a matsayin gandun ƙasa, asalinsa kuwa filin da wani mai binciken ƙasa ɗan Ajantina, Francisco Moreno, ya bayar kyauta a 1903. Na kwana uku a ɗaki mai gado shida, na hau Cerro Campanario da ƙafa don kuɗin lilon hawa ya yi mini yawa, sannan na yi tafiyar awa huɗu zuwa bukkar masu hawan dutse ta Frey, a tsayin mita 1,700. A bakin ɗan tafkin da ke gabanta na yi alwala, yatsuna suka ƙage, na kasa riƙe butar. Rana ma ta rikita ni, don a can da tsakar rana ta arewa take karkata, inuwa ta faɗi kudu. Ban da allurar gane alƙibla da ban san inda zan dosa ba.

Ina saukowa wayata ta kama sabis, sai ga kiran Inna.

"Kai, me ka sha a can?"

"Inna, wallahi ruwan inabi ne, ko kwana bai yi ba."

"Ni na yarda, ɗan nan. Amma Baffanka ya aiko an dawo da kayan sa rana."

Ina zaune a kan dutse, jaka a baya. Yaya ne ya kai masa hoton har zaure, gaban mutane. Aka ce Baffa ya kalla ya ce, "Ba na faɗa ba? Maɗaukin kanwa." Ko a tambaye ni. Shekara biyu ana maganar aurena da yarinyar gidan Baffa tsakanin gida biyu, kofi ɗaya ya shanye ta. Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, ni ma Allah ya ba ni uwar yarana wadda ba zan musanya da kowa ba, don haka kada wani ya ɗauki wannan ya kai inda ban aike shi ba. Abin da nake nema kawai a sani, shi Yayan da ya kai hoton, har gobe bai ce mini yi haƙuri ba, kuma ya san abin da na rufa masa a Legas a 2009.

Sauran tafiyar ban riƙe ta sosai ba, don jikina ne kawai yake tafiya. Na bi hanyar Tafkuna Bakwai, kilomita 100 da ɗoriya tsakanin San Martín de los Andes da Villa La Angostura, yawanci a motar waɗanda suka tausaya suka tsaya mini. Gefen titi har lokacin akwai tokar da dutsen Puyehue ya yi amanta a watan Yunin 2011, fara-fara kamar tokar murhu. Da bas ɗin da na hau ya doshi iyakar Chile ta mashigar Cardenal Samoré, direba ya yi shela cewa ba a shiga da nama ko 'ya'yan itace ko zuma, saboda suna tsare gonakinsu daga cututtuka. Na kwance kilishin Inna na bi kujera-kujera ina rabawa. Wata tsohuwa ta ci yajin ya sa ta hawaye, ta miƙo hannu a ƙara mata. Ni ma idona ya kawo ruwa, kowa ya ɗauka yajin ne.

Puerto Varas na kai, a bakin tafkin Llanquihue, gidajen katako irin na Jamusawan da suka zauna wurin tun wajen 1850, ga dutsen Osorno a tsallake, kansa fari fat da ƙanƙara. Ina kallonsa na ce to, Baffa, ga farin kan.

Shekara biyar bayan haka, rani ya yi tsanani, gonar Baffa tana can ƙarshen kanal, ruwa ba ya isa. Bai kira ni ba, Goggo ya aiko. Na je na zauna da manoman layin su goma sha ɗaya, muka rubuta rabon ruwa na awa-awa a bayan kwalin taki, irin na dattijon Luján, muka naɗa mai buɗe ƙofa. Tumatirin Baffa ya yi a shekarar. Ya aiko mini da kwando biyu, ba saƙo. Da na je gaishe shi da sallah ya tambaye ni wai a ina na koyo wannan dabarar. Na buɗe baki, Inna ta taka mini ƙafa, na ce, "A makaranta, Baffa."

Allah ya jiƙansa, ya rasu bai ji amsar gaskiya ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda na koma Mendoza na tarar mai gidan haya ya tashi da akwatina.