R² ya ba ni 0.94, ya bar ni da kunya

Ranar da na ga R² ya kai 0.94 a fuskar kwamfuta sai da na miƙe na zagaya ɗaki don murna. Wata uku ina fama da samfurin lissafi mai hasashen wutar lantarkin da wani gini ke sha duk wata, R², wato lambar da ke nuna yadda samfuri ya dace da bayanai (tana kusantar 1 idan ya dace sosai), ya ƙi wuce 0.7. Sai na shiga cusa wa samfurin ma'aunai, wato abubuwan da zai dogara da su wajen hasashe: zafi, danshi, yawan ma'aikata, ranakun hutu, har da lambar wata. Goma sha ɗaya na jibga a kan bayanan wata 36 kacal.

Abin haushin, na san ƙa'idar sarai. R² ba ya sauka idan ka ƙara ma'auni, ko da shirme ka saka. Na leƙa gyararren R², wanda ke rage maki gwargwadon yawan ma'aunai, ya ce 0.91. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Da na kai aikin, mai duba shi bai ko kalli lambar ba. "Malam, ina zanen ragowar kuskuren?"

Ragowar ita ce tazarar da ke tsakanin hasashen samfurin da ainihin wutar da aka sha. Ban zana ba. Aikin minti biyu!

A gabansa na zana. Maimakon ɗigo su warwatsu babu tsari, sai ga su sun jeru kamar tafiyar maciji: wata bakwai a saman layi, wata takwas a ƙasa. Gwajin Durbin-Watson, mai duba ko kuskuren wata na bin sawun na watan da ya gabata, ya nuna 0.6, alhali kusa da 2 ake so. Tun 1974 masana tattalin arziki Granger da Newbold suka ja kunne kan haɗuwar babban R² da ƙaramin Durbin-Watson a bayanan da ke bin lokaci. Na karanta wannan a aji, wallahi. Haka rukunan bayanai huɗu na masanin ƙididdiga Anscombe na 1973, masu layin hasashe iri ɗaya da R² kusan 0.67, amma zanensu ya sha bamban. Sanin bai hana ni ba, domin lambar ta yi min daɗi.

Na koma na ɓoye wata shida na ƙarshe, na horar da samfurin da talatin. A watannin da bai gani ba, kuskurensa ya ninka kusan sau uku. Ashe hadda ya yi.

Wanda nake amfani da shi yanzu ma'auni uku gare shi, da kuma wutar watan jiya. R² ɗinsa 0.78, kuma ba na duba shi sai na gama da zanen ragowar. Har yau idan wani ya turo min 0.9 da ɗoki, gabana faɗuwa yake.