Naci a tsakiyar tafiya

Na fara koyon Faransanci ne da girmana, ga aiki ga hidimar iyali. Farkon abin daɗi ne zalla, kullum da sabuwar kalma, kullum kana jin ka matsa gaba. Wahalar tana tsakiya, lokacin da ka tara kalmomi da yawa amma in ka kunna rediyo ba ka tsintar komai sai sunayen ƙasashe. A nan yawancin waɗanda muka fara tare suka janye jiki, kuma wasunsu sun fi ni kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba.

Mantuwa ce ta fi karya mini gwiwa. Abin da na haddace ranar Litinin, kafin Alhamis ya bi iska. Daga baya na ci karo da binciken Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya gwada ƙwaƙwalwarsa da kansa ya buga sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan hadda, amma in mutum ya koma kan abin da ya manta, koyo na biyu ba ya cin lokaci kamar na farko. Ashe wahalar jiya ba ta tafi a banza ba, tana nan kwance tana jiran a dawo mata.

Sai dai naci ba taurin kai ba ne. Burin na riƙe gam, hanyar kuwa na sauya ta ba sau ɗaya ba. Na ajiye haddar jerin kalmomi, na koma sauraron gajeriyar hira guda ina maimaita ta har kunnena ya fara raba kalma da kalma. Gundura ce, ba zan ɓoye ba.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Angela Duckworth da abokan aikinta sun nuna a 2007 cewa a makarantar sojoji ta West Point da ke Amurka, jajircewa ta fi makin shiga makarantar nuna wanda zai kammala horon farko mai tsanani. Ban yi mamaki ba. A wurina jarrabawar takan zo ne washegarin ranar da na yi fashi, sa'ad da zuciya ke cewa tunda an tsallake jiya a bari sai sabon mako. Ranar nake tilasta wa kaina zama, ko da shafi ɗaya ne. Yanzu ina bin labaran rediyo ba tare da wahala ba, amma in matasa biyu suna hira da sauri, har yau rabi nake kamawa.