Daga gindin Kufena zuwa tseren ƙwararru a duwatsun Jos

A ƙwallon ƙafa, komai iya taka ledarka a filin unguwa, ba ka isa ka biya kuɗin rajista ka shiga fili tare da 'yan Kano Pillars ba. Tseren keken dutse ba haka yake ba. Sau da yawa masu shirya shi sukan bar ƙofa a buɗe, ma'aikaci irina ya karɓi lamba, a tsayar da shi bayan mutanen da keke ne abincinsu, a busa musu usur guda. Ko babban tseren nan na Cape Epic da ake yi a Afirka ta Kudu tun 2004, wanda ake kwana takwas ana fafatawa, zakarun duniya da masu sha'awa hanya ɗaya suke bi. Ta irin wannan ƙofa na shiga a ƙarshen makon jiya, a duwatsun da ke bayan garin Jos.

Ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne, a Samaru nake aiki, kuma a kan keke nake zuwa in dawo, rani da damina. Asabar kuwa ta Kufena ce. Da an sallame sallar asuba sai in bi ta Wusasa in nufi gindin dutsen, in shiga hanyoyin ƙafa da manoma da makiyaya suka fitar, in hau falalen dutse iya inda taya za ta kama, in sauko in sake. Kekena ɗan gwanjo ne, jikin alminiyam, taya mai inci 26, shakazoba a gaba kawai. Mai kula da lafiyarsa wani dattijo ne mai rumfar gyaran keke a wajen Ƙofar Doka, kowa Baba yake ce masa. Shi ya ɗaure mini wilin baya har ya daina rawa, shi ne kuma ya san irin facin da ke jure ƙayar tsidau.

Da na gaya masa na yi rajista, ajiye sifanar hannunsa ya yi ya dube ni.

"Malam, da su waɗanda muke gani a wayarka?"

"Ba su ba ne, Baba, amma 'yan'uwansu ne. 'Yan ƙungiyoyin jihohi."

"To ƙafarka ƙafata. In taya ta yi faci wa zai miƙo maka wata?"

Yana da dalilin faɗar haka. A rumfarsa muka kalli tseren Olamfik na Faris na 2024, inda tayar gaban Tom Pidcock ɗan Ingila ta sace yana kan gaba, ya yi asarar kusan daƙiƙa 40, aka canja masa wili, ya biyo sawu har ya ci zinare. Yaran rumfa Pidcock suke ta yabo. Baba kuwa mai riƙe da wilin yake kallo.

Bayan an sauko daga Juma'a muka kwance tayoyin, muka naɗe jikin keken da tsohon bargo muka sa a but. Pambeguwa, Saminaka, Jengre, sai hanya ta fara hawa, sanyi ya fara shigowa ta taga. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 daga teku, Zariya kuwa ba ta kai 700 ba. Washegari huhuna ya ji bambancin tun a hawan farko.

Asabar ranar duba hanya ce. Irin wannan tsere, wanda aka shigar da shi Olamfik a Atlanta a 1996, zagaye ake yi a kan gajeriyar hanya, ana maimaita ta har kimanin awa ɗaya da rabi. Tamu ta ɗan haura kilomita huɗu, an kafa turaku an ja kirtani hagu da dama, kuma za a zagaya sau shida. Tana farawa a kan burji mai faɗi, ta tsuke ta zama ta mutum ɗaya, ta hau wani dogon tudu mai tsakuwa, ta ratsa kwazazzabo, sannan ta iso wurin da kowa yake magana a kai: gangara a kan dutse, mai hanya biyu. Ta dama gajeriya ce, amma sai ka sauka matakala uku na dutse a jere. Ta hagu ta kewaye, babu haɗari, sai dai tana cin lokaci.

A nan na tsaya ina kallo. Wani saurayi ɗan ƙungiyar wata jiha, da ƙyar in ya wuce shekara ashirin, ya sauko ta dama kamar ruwan sama a kan falalen dutse, ko ƙarar birki ban ji ba. Ya juyo ya gan ni riƙe da keke, ya tura nasa ya hauro.

"Yaya, za ka gwada?"

Na ce ina dai dubawa.

"Kada ka kalli dutsen da kake tsoro. Inda idonka ya je, can taya za ta bi. Ka ga bishiyar can ta ƙasa? Ita za ka kalla. Birki kuma a nan sama za ka gama da shi. In ka shiga, sake shi."

Ya sa na sauke sirdi, ya nuna mini yadda zan tashi tsaye a kan feda, in saki dugadugai ƙasa, in lanƙwasa gwiwar hannu, in bar keken ya yi motsi a ƙarƙashina. Ya tsaya a gefen matakala ta biyu da hannu a shirye. Na sauka. Na sake hawa na sake sauka, har jikina ya yarda. Yaron nan gobe abokin hamayyata ne, kuma ya ba ni lokacin da ya kamata ya huta a cikinsa. Sunansa ma sai daga baya na gani a takardar sakamako. Allah ya yi masa albarka.

Baba shi ma ya yi nasa karatun. Ya zaga rumfunan makanikai yana matsa tayoyin ƙwararrun da babban yatsa, yana mamakin laushinsu. Mu a Zariya iska muke durawa har taya ta yi tauri, don ta ɗauki kaya ta yi gudu a kwalta. Su kuwa tayoyinsu ba su da tif a ciki, wani ruwa mai danƙo ake zubawa wanda yake toshe huda da kansa, shi ya sa suke rage iska sosai, taya ta baje ta rungumi dutse. Tawa mai tif ce, in aka rage da yawa bakin wili zai matse tif ɗin a kan dutse ya huda shi. Baba ya yi ta sacewa kaɗan-kaɗan yana sa ni in hau, har ya ce, "Tsaya nan. Ƙasa da haka ban ɗauki alhaki ba."

Da daddare aka tara mu aka karanta dokoki. Ba a karɓar taimako daga waje sai a wurin da aka keɓe wa makanikai da masu miƙa ruwa. Wanda ya fita daga kirtani, a inda ya fita zai koma. Sai dokar da ta hana ni barci, ta kashi 80 cikin 100. Ana duba lokacin da na gaba ya yi zagayen farko. Duk wanda tazararsa da na gaba ta kai kashi 80 na wannan lokaci, za a fitar da shi. Ke nan in na gaba ya zagayo a minti 15, da ka zama minti 12 a bayansa tserenka ya ƙare. Ana yin haka ne don kada marasa sauri su tare wa na gaba hanya a inda ta tsuke. Doka ce mai kyau, ban ga laifinta ba, amma na san da irina take magana.

Lahadi da safe na sha kunun gyaɗa, na ci ayaba, na cika aljihun baya da dabino. Baba ya tafi wurin makanikai da wili a kafaɗa da gorunan ruwa da muka sa wa gishiri da sukari. Aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya bisa matsayi, manya a sahun gaba, mu masu sha'awa a can ƙarshe.

Gani ya kori ji. Na sha kallon tashin tsere a waya, amma ban san haka yake ba. Ana busa usur suka miƙe kamar tseren mita ɗari ne, domin kowa yana so ya riga shiga inda hanya ta tsuke. Ƙura ta turnuƙe, sarƙoƙi suna ƙara, wani ya goge ni da kafaɗa. Kafin mu na baya mu isa bakin 'yar hanyar an yi cunkoso, sai da muka sa ƙafa a ƙasa muka jira. Nan take aka ba mu rata, tun ba a je ko'ina ba.

A dogon tudun ne na ga amfanin shekarun da na yi tsakanin Tudun Wada da Samaru. Na wuce mutum uku masu kekunan da suka ninka nawa kuɗi, numfashi yana ƙuna amma ƙafa tana amsawa. Sai muka iso gangara, su ukun suka wuce ni. Zagaye na biyu ma haka, na uku ma haka. Abin da na tara da gumi a hawa, a gangara da kwana yake zubewa.

Wannan shi ne abin da na fi so 'yan'uwana mahaya na Zariya su ji. Akwai inda hanyar take naɗowa har ka hango na gaba a ƙetaren kwari, kuma na lura da su da kyau. A saman tudu, daidai inda nake zama in ja numfashi, su a nan suke ƙara giya su miƙe tsaye. Hutunsu a gangara suke yi, saboda hannunsu ba ya kan birki, jikinsu a sake yake. Ni kuwa ina isa ƙasan gangara yatsuna sun ƙage, kafaɗa ta yi tsami, sai in shiga hawa na gaba da gajiya biyu. A kowace kwana suna fita da gudun da suka shiga da shi, ni sai na sake tayar da keke. Daƙiƙa biyu nan, uku can, a hanyar da kwanoninta ba sa ƙirguwa. Ƙarfi suna da shi fiye da nawa, babu musu. Amma mafi yawan tazarar da ke tsakaninmu iyawa ce, kuma koyonta aka yi.

Duk zagayen da na yi ta dama na sauka. A na uku saurayin nan bai gan ni ba, yana can gaba, amma muryarsa nake ji: bishiyar za ka kalla. Duk lokacin da na iso wurin makanikai Baba yana tsaye da gora a miƙe, yana cewa, "Malam, a daure! Suna nan gabanka kaɗan!" Wilin da ya ɗauko bai yi aiki ba, tayata ba ta yi faci ba.

A ƙarshen zagaye na huɗu wani alƙali ya shigo hanya ya ɗaga hannu. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Yau nan ne iyakarka." Ya duba lambata ya rubuta. Na ji zafin abin har cikin raina, domin ƙafata tana da sauran aiki, kuma na so in ga layin ƙarshe daga kan sirdi. Na jingine keken, na sha ruwa, na taka zuwa gangarar na kalli zagaye biyun da suka rage. Mutum biyu suka iso ta a manne a zagayen ƙarshe, ɗaya ya ɗan taɓa birki a matakala ta biyu, ɗayan bai taɓa ba, kuma shi ya ci. Malamina, saurayin nan da ya koya mini gangara, ya zo na biyar. Sunana yana can ƙasan takarda, da alamar saura zagaye biyu.

Ba zan ce keke ba ya tasiri ba. Nasu na kabon ne, taya mai inci 29 da take haye ramin da tawa take faɗawa, wasu da sirdin da ake saukewa da ɗan maɓalli ana cikin gudu. Amma keken malamina gwanjo ne shi ma, fentinsa duk ya goge. Waɗanda suka fara wannan wasa a tsaunukan Marin da ke Kalifoniya a shekarun 1970, da tsofaffin kekuna masu nauyi suka fara gangarowa, kuma sai a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango ta Amurka. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Faris, bayan 'yan makonni ya zama zakaran duniya a Andora, ɗan Afirka na farko da ya ci kambin manya a wannan nau'in tsere. Ƙasarsu tana da hanyoyin da aka gyara da tseren da yara suke shiga tun suna makaranta.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Pambeguwa, muka ga wani yaro yana hawa tudu da buhun masara a kariya, a kan keke mara giya, da silifa a ƙafa. Baba ya nuna shi da haɓa. Irinsa sun cika hanyar Giwa da ta Soba duk ranar kasuwa. Ƙafar da na gani a sahun gaba a Jos suna da ita. Ba su taɓa samun wanda zai tsaya a gefen dutse ya ce musu ga inda za ka kalla ba.

Kufena tana da duk abin da hanyar Jos take da shi: hawa, tsakuwa, kwazazzabo, falalen dutse. Ni da Baba mun riga mun zaga mun fitar da zagayen da zai kai kilomita huɗu, wanda bai taka ragowar tsohuwar ganuwa ba, domin ba abin hawa ba ce. Wani ɓangare ya bi ta gefen gonaki, don haka sai an gama kawar da amfanin gona, kuma sai mun je mun gaida mai unguwa da masu gonakin mun nemi izini. Baba ya ce kekuna huɗu da aka bari a rumfarsa zai iya tayar da su kafin lokacin. Abin da muka rasa shi ne hular kwano, kuma mun yi alkawari babu yaron da zai hau dutsen nan da kai a buɗe. Wanda yake da wadda ba ya amfani da ita, ko ƙaramar yara ce, ya same mu a gindin Kufena ta ɓangaren Wusasa, ranar Asabar bayan sallar asuba.