Allurar zafi ta sake hawa a hanyar Miriya

Alhamis, bayan isha'i. Yau ne karo na huɗu cikin wata uku da motar nan ta tafasa, kuma wannan karon Inna na ciki. Shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Na yi sammako na kai ta Miriya gaisuwar rasuwa. Kilomita 18 ce kacal daga Damagaram, tafiyar da ba ta isa a yi mata shiri ba, amma sai da na buɗe murfin gaba na cika radiyata da ruwan jarka kamar yadda na saba kowace safiya. Zuwa lafiya lau. A dawowa ne, wajen sha biyu da rabi, rana ta take, irin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, na ga allura ta bar tsakiya tana rarrafawa wajen ja. Na kunna iskar ɗumi ta cikin mota har ƙarshe, don tana janye wani zafin daga inji. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, wuta ka hura mana?" Na ce, "Ki yi haƙuri Inna, inuwa nake nema." Allah ya sa akwai gawo a bakin hanya, shi da ke riƙe ganyensa da rani. Na shige ƙarƙashinsa na kashe mota, ina jin ruwa na ɓararraka a ciki kamar tukunyar tuwo.

Wani yaro mai amalanken shanu ya tsaya, ya ce in buɗe ya zuba mini ruwan sanyi. Na yi masa godiya na ƙi. Na taɓa ganin hannun wanda ya buɗe murfin radiyata da zafinta, fatar ta saɓule har gwiwar hannu. Ruwan sanyi kan inji mai zafi kuma yana iya tsaga ƙarfe. Muka zauna kusan minti arba'in, Inna na jan tasbaha tana fifita da bakin mayafi, ba ta ce mini komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da muka lallaɓo gari na sa ta a adaidaita zuwa gida, ni kuma na ƙi komawa garejin da na saba. A can, karo na farko tiyo ne ya fashe aka canza. Na biyu aka ce fanka ba ta tashi, aka haɗa mata waya kai tsaye. Na uku aka cire kalosta, ƴar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, aka jefar, wai kayan ƙasar sanyi ce, ba ta da aiki a Damagaram. Jika sittin da wani abu na kashe, kowane zuwa a taɓa abu guda a ce in tafi. Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani dattijo a Zango, can na nufa.

Baban nan bai taɓa sifana ba sai da injin ya huce sarai. Ya cire murfin radiyata ya miƙo mini, ya ce, "Duba robar nan." Ta bushe, ta tsattsage kamar diddigen manomi. Ya ce murfin ba don rufewa kawai aka yi shi ba, shi ke danne ruwa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma idan murfi ya riƙe matsi yakan kai wajen 120 bai tafasa ba, inji kuwa a wajen 90 yake aiki. Murfi ya mutu, ɗan hawa kaɗan ko cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis ya isa ruwa ya zama tururi ya gudu. Shi ya sa nake ƙari kullum ban ga inda yake yoyo ba. Wata uku, ba wanda ya kalli wannan murfi, har ni.

Sai ya zura yatsa a bakin radiyata, ya fito da shi jajawur da tsatsa, da wani farin ɓarɓashi. Ya ce, "Wane ruwa kake ba ta?" Na ce na ƴan ga-ruwa, Baba. A garin nan da muke zaune kan dutse, inda famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, ruwan da ya samu shi ake zubawa, ba mai tambayar rijiyar da ya fito. Ya ɗauko butar shayinsa ya nuna mini cikinta, farin dutse ya kama gindin. Ya ce haka ƙananan hanyoyin radiyata suke toshewa, ga ƙurar hunturu ta liƙe ta daga waje. Ruwan kwalba mai launi da nake ganin tsadarsa yana hana tsatsa, ba sanyi kawai yake yi ba. Kalosta kuma ya ce a mayar da ita, domin in babu ita inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai a banza.

Mai nauyin ya zo a ƙarshe. Ya tada mota murfi a buɗe, muka sunkuya tare. Kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsayawa. Ya ce jowan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya fara ƙonewa, hayaƙin inji ke shiga ruwa, tafasa huɗu ta yi aikinta. Ya zaro sandar auna mai ya goga a tsumma: baƙi ne, bai koma kamar madara ba. "Allah ya rufa maka asiri, ruwa bai shiga mai ba tukuna." Sai an sauke kan injin, a duba ko ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe a kai a share fuskarsa.

Na bar masa makulli na hau kabu-kabu. Na tarar Inna ta ajiye mini fura a kwano, tambayarta ta farko ita ce ko na ci abinci. Baba ya ce in zo gobe da safe kafin masallacin Juma'a, yana so a buɗe kan injin a gabana in gani da idona. Na ce masa zan zo da kuɗin murfi da na kalosta, sauran sai ƙarshen wata.