Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar Dutse

A makon jiya na tsaya a inda 'yan ƙungiyarmu ta samari 'yan sa-kai suka ɗaga hannu suka zaɓe ni sakatare, bayan ambaliyar 2022 ta janye ta bar mu da shinkafa a kwance da katangu a zube. Yau zan ba ku labarin takardar da ta hana ni barci kwana tara.

Farkon Fabrairun 2023 ne, hunturu bai gama sakin mutane ba. Shugabanmu ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya miƙo mini ambulan. Wata ƙungiya mai aiki da matasa ce ta shirya horon shugabanci na kwana biyar a Dutse, ta ce kowace ƙungiyar sa-kai ta turo mutum ɗaya. Shi alkamarsa na tsakiyar neman ban-ruwa, ba zai iya barin fadama ba, saboda haka ni za a tura. A cikin ambulan ɗin akwai wata takarda mai layuka uku. An ce a rubuto buri uku da ƙungiya ke son cimmawa a shekarar, kowanne a faɗi wanda zai yi, ranar da za a gama, da abin da za a gani a san an gama.

A daren na haska fitilar waya na rubuta da fensir: kawo ƙarshen ambaliya a yankinmu, kawar da zaman banza, yaƙi da jahilci. Da zuciya ɗaya na rubuta su. Wanda ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu yana kallon rumbun gidansu na narkewa, ba ƙaramin abu yake so ya nema ba.

Da safe na karanta wa Baba. Baba bai yi boko ba, amma tun kafin a haife ni shi ke kiran gayya a unguwarmu. Yana zaune kan buzu yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago kai ba har na kai ƙarshe.

"Ɗan nan, wannan ambaliya da za ku kawo ƙarshenta, ran wace rana za ku fara?"

Na yi shiru.

"Ku nawa ne? Kwando nawa gare ku? Wa zai dama muku kunu?"

Na ce, "Baba, ai buri ne aka ce a rubuta."

Sai ya ajiye ƙotar. Ya ce shi bai taɓa raba goron gayya ba sai ya zaga gonar da ƙafarsa ya san girmanta. Daga nan zai san hannu nawa take buƙata, ya zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ya gaya wa makaɗi, ya gaya wa mata tukunya nawa za a ɗora. Ya ce mutane ba sa ƙin aiki, abin da suke ƙi shi ne aikin da ba su ga bakinsa ba. Idan ka nuna wa mutum kunyar da zai tsaya a kanta kafin azahar, zai ba ka ƙarfinsa duka.

Maganar ta yi mini zafi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna na auna, sai na ga ruwan da ke cinmu ba a ƙofar gidanmu yake tasowa ba. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratso ta Wudil da Ringim kafin ya iso mana. A can sama akwai madatsar Tiga da ta Challawa, a nan ƙasa kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ga ta kuma ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wannan aikin gwamnati ne da manyan injuna, mu samari ashirin da bakwai ba mu da hannun da zai kai can. Amma akwai gurbin da ke gabas da gari, inda jinga ta ɓalle a daren da ruwa ya shigo mana. Wannan kam namu ne.

Washegari muka fita mu huɗu muka auna gurbin da ƙafa. Taku ɗari uku da arba'in. Muka cika buhu ɗaya da ƙasa muka ga faɗin da yake rufewa, muka yi lissafi a kan yashi da tsinke, muka yi ta gardama a kan ko hawa biyu za a jera ko uku. Wani dattijo mai su da ke gyaran koma a gefe ya nuna mana alamar da ruwa ya bari a jikin wata giginya, gardama ta ƙare: hawa uku. Na goge layukan nan uku duka, a layin farko na rubuta cewa za mu toshe gurbin gabas kafin ƙarshen Mayu, gayya duk Asabar, kowane gida ya kawo tsofaffin buhunan taki biyar. Rubutun bai yi daɗin karantawa kamar na farko ba, amma ina rufe ido ina ganin aikin.

Ana cikin haka magana ta tashi a gari. Zaɓen shugaban ƙasa na tafe ranar 25 ga watan, ko'ina fastoci, sai aka fara cewa 'yan siyasa ne suka saye ni, Dutse kuɗi zan je karɓowa. Abin ya dame ni ƙwarai, don wasu daga cikin masu faɗin tare muka kwashe tsofaffi a kwalekwale wata biyar da suka wuce. Baba ya ce kada in bi kowa da bayani, in bi ta kan mai unguwa mu je gaban dagaci. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Allah ya ja zamaninka, ga abin da aka aiko mana." Ya sa aka karanta masa takardar daga sama har ƙasa a gaban jama'a. Ya ce in tafi, da sharaɗin ranar da na dawo zan tsaya a nan in faɗi duk abin da aka koya mini da duk abin da aka ba ni, ko da biro ne.

Layi na biyu kuwa Gwaggo ce ta cika shi. Na shiga gaishe ta, ta ce ta ji muna ta shawara a majalisa. "To a cikin masu shawarar, wa ya taɓa ɗaukar tulu?" Famfunan tuƙa-tuƙa biyar ne a garinmu, uku sun mutu, na kusa da firamare ya fi shekara ba ya kawo ruwa. 'Yan mata sai sun bi layi tun asuba a ɗaya gefen gari, kafin su dawo an shiga aji. Ni sakatare ne, littafin ƙungiya a hannuna yake, amma ko sau ɗaya maganar famfo ba ta shiga cikinsa ba, don babu mace ko ɗaya a zamanmu. Kunya ta kama ni. Muka kira mai gyara ya buɗe famfon, ya ce roba ce ta cinye da bututu biyu. Na rubuta kuɗin, na rubuta cewa za a gyara kafin azumi, na kuma roƙi Gwaggo ta samo mata biyu da za su riƙe asusun gyaran. Ta ce sai ta yi shawara da mazajensu tukuna.

A kan na uku muka kasa daidaitawa. Wasu na son filin ƙwallo, wasu darasin yamma ga yara, zama biyu muka yi aka tashi baram-baram. Na so in rubuta nawa ra'ayin in huta, har na ɗauki fensir. Sai na tuna zan tsaya gaban dagaci.

Saura kuɗin mota. Lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi wuyar gani, masu POS sai ka biya kuɗi kafin ka karɓi kuɗinka. Gudummawar ƙungiya tana cikin asusu, ba ta fitowa. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma ce mini komai a kan tafiyar ba tun da aka fara. Daren da zan tashi sai ƙanwata ta shigo da ƙullin leda, ta ce, "Yaya, in ji Inna." Sababbin 'yan ɗari biyar ne guda huɗu, da ƙuli-ƙuli. Sai daga baya na lura kajinta biyu ba sa cikin akurki.

Da asuba Baba ya raka ni har bakin titi, ya yi mini addu'a, ya juya. Na shiga mota na zauna a baya, hannuna a kan aljihun da takardar take, layi biyu a cike, na uku fari fat, ina ta tunanin abin da zan ce idan aka tambaye ni dalili.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda ta kaya a ranar farko a Dutse.